Huɗu Ta Ce, Alhali Biyar Ne

Ladjifarani, Parakou
23 ga Satumba, 2024

Taubashiyata Kadidjatou,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da mutanen Zango, da Fulaninki na Pélébina da kika fi so a kan danginki. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke sanar da ni hadari tun kafin ya haɗu. Munira tana gaishe ki. Sati biyu ke nan da zuwanta, ta gyara min ɗakin girki har na daina sanin inda ludayina yake.

Da gangan na ƙi kiran ki a waya. Na san halinki, da na ambaci yarinyar nan za ki ce kasuwa ta cika, ba kya ji. Shi ya sa na ba Moutari direba takarda, don ita ba a kashe ta.

Ga abin da ake ciki. Jami'ar nan mai zaman kanta ta ɗauke ta a fannin da ta nace, lafiyar dabbobi. Amma da muka je biro yin rajista, sai suka sa ta a layin baƙi, saboda takardar haihuwarta ta Kamba ce, ta Najeriya. Na yi musu bayani har bakina ya bushe. Na ce al'adarmu ce, haihuwar fari gida ake zuwa, kin je kin haihu, kin yi arba'in, kin dawo Djougou da ita a goye. Suka ce sun ji, amma takarda ba ta ji ba. Kuɗin baƙo kuwa ninki uku ne na ɗan ƙasa. Ko an haɗa fanshona na malamar lakwal da kuɗin wagasinki, cukun Fulanin nan da kike sayarwa, ba za mu kai ƙarshen shekarar farko ba.

Sai dai akwai ƙofa. Madam ɗin biron, mace mai haƙuri, ta ce jami'ar tana yi wa mutum iri biyu rangwame su biya kamar 'yan ƙasa: masu neman mafaka da fitina ta koro, da 'ya'yan baƙin da iyayensu suka shekara goma a ƙasar nan, yaron yana hannunsu. Na ce ai mu namu ya haura ashirin! Na zaro takardar gidanku ta delege, mai unguwarku, wadda kika sa mata a jaka, na miƙa ina hura hanci. Madam ta karanta: Kadidjatou, matar marigayi Daouda, 'ya'ya huɗu, Adnan, Shakira, Nafi'u, Zulkifli. Ta juya bayan takardar ko akwai ci gaba. Babu.

Muka koma kan takardun lakwal. Nan kuma, a gurbin uba, sunan Baffanta Djibrilla ne, ƙanin Daouda, da adireshinsa na Kamba. Ashe shi ya kai ta aji ɗaya, don uban ma kunya ta hana shi. Saboda haka abin da takardu suka nuna shi ne, 'yar wani mutumin Kamba ce aka turo Djougou karatu, kuma zaman karatu ba ya shiga lissafinsu.

Kadi, na san kunyar ɗan fari, ba a Faransa aka haife ni ba. Na san ba kya kiran sunanta, ba kya ƙirga ta a gaban mutane. Amma har a gaban delege? Ana rufe rajista ranar 31 ga Oktoba. Suna son sabuwar takarda daga delege mai cewa 'yarki ce, a gidanki ta tashi, tare da hujja. In ba haka ba, gurbinta ya tafi.

Taki,
Rabi'a

Zango, Djougou
27 ga Satumba, 2024

Yaya Rabi,

Amin wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai godiya. Ki riƙa shafa wa gwiwar man kaɗe da ɗan ɗumi, ki daina hawa bayan zemijan, babur ɗin hayan nan, kamar budurwa. Ga wagasi uku na ba Moutari, jajayen na miya ne, farin ki soya yau kada ya yi tsami.

Na ga takardarki, har da su biro da lakwal. Mu mutanen Kamba ofis da makaranta muka sani, amma na gane.

Huɗu na faɗa, gaskiya ne. Kwana bakwai da rasuwar maigidan, sai tsohon delege ya zo sabunta takardar gida. Tsakar gida cike da dangin miji, uwarsa tana zaune a gefena, ya ce yara nawa. Me kike so in ce? Waccan ɗin ai ta Baffanta ce da kakarta, haka kowa ya sani tun tana zanen goyo.

Ki bar maganar nan haka. Kada ki ƙara aiko min da takarda a kanta, kada kuma ki kira ni, sai kin ji daga gare ni. Ki gaishe da mutanen gidan.

Ƙanwarki,
Kadidjatou

Ladjifarani, Parakou
2 ga Oktoba, 2024

Kadidjatou,

Gaisuwa da fatan alheri. Wagasi ya iso, mun gode. Kin ce kada in rubuto, ga shi na rubuto, ki kai ƙarata inda kika ga dama.

Na yi kuskure ɗaya, kuma zan faɗa miki shi. Ranar da takardarki ta zo ban san inda na ajiye tabarau ba, sai na miƙa wa Munira na ce ta karanta min. Tana ta murmushi a wurin man kaɗe da zemijan. Da ta kai kan “waccan ɗin ai ta Baffanta ce”, sai muryarta ta sauka. Ta karanta har ƙarshe, ta ninke takardar yadda ta zo, ta ce, “Inna Rabi, in soya farin?” Ta soya, ba ta ci ko yanka ɗaya ba.

Raina ya ɓaci da ke, ba zan ɓoye ba. Kunya ado ce, na yarda, amma adon da zai hana yarinya karatu ya zama kaya. Yarinyar nan ita ta zo ta biyu a lakwal ɗinsu a jarrabawar bak, ta gama sakandare. Tun tana shekara tara take bin ki ruga, ita ce ta gane ciwon da ke kashe maruƙan Fulaninki kafin ma'aikacin dabbobi ya iso. Yanzu don kada a ce Kadidjatou ta buɗe baki ta ce 'yata ce, sai a bar ta ta dawo tana rina wagasi da karan dafi?

Bari in ba ki labarin wata. A layin biro mun haɗu da Fatchima, 'yar Burkina, sa'ar Munira. An tashi garinsu shekara uku da suka wuce, ta shigo ƙasar nan da ƙafa tare da maƙwabta, har yau ba ta san inda uwarta take ba. Takarda ɗaya ce da ita, ta neman mafaka, duk ta sha ninki. Madam ta duba, ta buga hatimi, ta ce, “Barka da zuwa, 'yata.” Wallahi sai da na ga girman matar nan da na waɗanda suka kafa dokar. Yanzu Fatchima takan zo nan cin abincin rana. Jiya Munira ta ba ta labarin abin da ya hana ta rajista, sai Fatchima ta ce, “Ni da zan samu uwar da za ta ji kunyata, da na gode Allah.”

Wadda ba ta da kowa ta samu wanda ya tsaya mata. Taki tana da ke. Saura kwana ashirin da tara.

Rabi'a

Ladjifarani, Parakou
16 ga Oktoba, 2024

Kadi,

Lafiya kuwa? Sati biyu ba amsa. Na kira wayarki ta fi sau goma, Shakira ke ɗauka, ta ce kin fita, ba ta san inda kika je ba. Na tare Moutari a tasha, ya ce rumfarki a rufe take tun farkon wata, ya kuma kau da kai kamar wanda aka ja wa kunne. Ke da ko ranar da kika haifi Zulkifli sai da kika aika a buɗe rumfa!

In maganata ce ta yi zafi, ki yi haƙuri. Kin san bakina, shekara talatin ina yi wa 'yan aji tsawa, ban iya sassautawa ba. In kuma ciwo ne kike ɓoyewa, ki faɗa min in zo.

Munira ta daina zancen jami'a. Shekaranjiya ta je wurin wata mai ɗinki a nan bayanmu ta tambayi yadda ake shiga koyo. Ta ce min kada in ƙara matsa miki, wai ba ta son a sa ki abin da zai zubar miki da mutunci a Zango. Kin ji irin 'yar da kika haifa. Littattafan da ta saya na shekarar farko ta ɗaure su da igiya ta tura ƙarƙashin gado.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Yayarki,
Rabi'a

Zango, Djougou
24 ga Oktoba, 2024

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, sai ƙafa da ta kumbura, ita ma ta fara saɓewa. Takardunki biyu sun iso. Ta farkon na karanta ta sau ɗaya na sa a ƙarƙashin tabarma, don in na sake karantawa zan zo Parakou mu yi dambe, ga shi ba ni da lokaci.

Ke malama ce amma ba ki iya karatu ba. Na ce ki bar maganar sai kin ji daga gare ni. Yaushe na ce na ƙi? Abin da ban gama ba ne ba na son a yi ta yaɗawa, kada in sa wa yarinya rai a banza.

Washegarin zuwan takardarki ta Satumba na je wurin delege. Tsohon ya rasu bara, wannan sabo ne, yaro mai tabarau, bai san mu ba. Ya buɗe littafi ya ce, “Hajiya, ke da bakinki kika ce huɗu. Yau kin ce biyar. Gobe wata ta zo ta ce bakwai don a rage mata kuɗin makaranta, in rubuta?” Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Ya ce in kawo hujja a rubuce, da shaidu uku waɗanda ba dangi ba, da suka san ta a hannuna tun tana jaririya.

Hujja ba ta ba ni wahala ba. Akwai wani gwangwanin madara a ƙasan adakata, ba wanda ya taɓa buɗe shi, har maigidan Allah ya jiƙansa. Katin rigakafinta na ciki, na asibitin nan Djougou, da dangwalen yatsana a gurbin uwa, tun tana wata biyu. Katin awo na ciki. Sakamakon makaranta na kowane zango, daga aji ɗaya har na ƙarshe, duk suna ciki. Takan kawo ta ba Baffanta in ya zo gari, ko ta ajiye a kan buhu, ni kuma in yi kamar ban gani ba, in ta fita in ɗauke. Ban iya Faransanci ba, amma na san lamba, na san inda ake rubuta ta nawa ta zo.

Shaidu ne suka cinye min wata. Moutari na ɗaya, shi ya ɗauko mu daga Kamba bayan arba'in, na kuma roƙe shi ya kama bakinsa. Ta biyu Inna Djebou, Bafulatanar da na fara sayen wagasi a hannunta. Na je Pélébina aka ce sun tashi da shanu saboda gonaki, sai an yi girbi. Kwana huɗu ina bin ruga-ruga a cikin caɓi kafin in same ta. Ta ce, “Yarinyar da ke kuka in an raba ɗan maraƙi da uwarsa? Mu je.” Ta uku malamar asibitin da ta yi mata allura, ta yi ritaya ta koma wani ƙauye bayan Partago. Na je ranar kasuwa ban same ta ba, na koma wata kasuwar na zauna a bakin rumfar masu gishiri tun hantsi har la'asar, sai ga ta. Ta tsufa, amma da ta ga katin ta ce wannan rubutunta ne.

Jiya Laraba muka taru a zauren delege. Ban san labari ya bazu ba. Maza bakwai na ƙirga a kan tabarma, har da liman da abokan maigidan biyu, ga mata a bakin ƙofa. Shaidu suka yi magana, ya rubuta. Sai ya ɗago ya ce, “Saura ke. Ki faɗi sunan yarinyar da abin da take a wurinki, da ƙarfi, kowa ya ji.”

Yaya Rabi, na yi naƙuda sau biyar, ban taɓa jin abin da na ji a zauren nan ba. Shekara goma sha tara sunan nan yana bakina ban bar shi ya fita ba. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira nawa ba, kuma ban taɓa shakkar tana so na ba. Na ja mayafi na rufe fuska na faɗa. Ya ce bai ji ba. Na sake, ya ce liman bai ji ba. Sai na tuna da littattafan da kika ce an ɗaure da igiya. Na yaye mayafin, na faɗa yadda nake kiran mai saye daga tsallaken titi, na ce 'yata ce, ta fari, ni na haife ta, a ɗakina ta kwana tun tana da kwana arba'in. Inna Djebou ce ta fara guɗa.

Ga takardar delege, ga gwangwanin gaba ɗaya. Ki ƙirga abin da ke ciki, ki dawo min da shi yadda yake. Ki ce wa waccan ɗin ta kwance igiyar. Ita kuma Fatchima, ga wagasi biyu nata ne, ki ce in an yi hutu ta biyo ta nan, akwai wurin kwana.

Ƙanwarki,
Kadidjatou

Ladjifarani, Parakou
29 ga Oktoba, 2024

Kadidjatou, 'yar Kamba, na sara miki,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafa? Ki jiƙa ta a ruwan ɗumi da gishiri, ki zauna wuri ɗaya ko na kwana biyu ne, in kin iya.

An yi rajista! Jiya Litinin da ƙarfe goma sha ɗaya aka buga hatimi, za ta biya kamar kowane ɗan ƙasa, ranar Litinin mai zuwa za ta shiga aji.

Na janye maganata, duk da ba a san taubashi da ba da haƙuri ba. Na ce kin zaɓi kunya kin bar 'yarki, ashe lokacin da nake zaune a kan kujera ina zazzaga miki faɗa, ke kina cikin caɓi kina bin sawun shanu. Ni mai bak da fansho na iya rubuta wasiƙa huɗu. Ke kin rufe rumfa wata guda, kin tara shaidu daga ruga da ƙauye, kin tsaya a gaban liman. Ban san mace mai ƙarfin halinki ba a danginmu, har da kakanninmu da ake ba mu labari.

Takardar delege da katin rigakafi kaɗai sun isa, amma na ɗauki gwangwanin na tafi da shi. Madam ta buɗe, ta shiga jera takardun a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, tebur ya cika, ta ci gaba a kan kujera. Ta ce shekararta tara a biron nan, ta ga dosiye, wato fayil, iri-iri, ba ta taɓa ganin wanda ba zango ɗaya da ya ɓata ba. Ta tambaya, “Uwar malama ce?” Na ce wagasi take sayarwa. Ta cire tabarau ta ce in gaishe ki da kyau.

Munira kuwa ba ta san da gwangwanin ba sai a wurin, don ban nuna mata ba. Tana tsaye tana kallon sakamakonta na aji ɗaya, wanda ta ɗauka tun tuni an ƙulla gyaɗa da shi. Ta ɗaga katin rigakafin, ta ɗora babban yatsanta a kan dangwalenki. Nan ta fashe da kuka a gaban mutane, Fatchima ta riƙe ta, ni ma ban tsira ba.

Da yamma ta je tasha ta nemo Moutari. Ina jin su daga ɗakin girki. Ba ta tambaye shi wahalar hanya ba, ba ta tambayi su wa suka zo ba. Cewa ta yi, “Baba Moutari, yaya ta faɗe shi? Ta ja ƙarshen ne, ko ta datse?” Bawan Allah ya yi ta gwadawa da muryarsa ta gardi, ta ce a'a, ba haka Yaya za ta faɗa ba, wato ke, yadda ta saba kiran ki. Sai a lokacin na lura, yarinyar nan ba ta taɓa jin sunanta a bakinki ba, kuma ranar da kika faɗa tana nan Parakou.

Ba ta roƙi komai ba, ni ma ban roƙa ba. Na dai faɗa miki abin da na ji. Gwangwani na hannun Moutari, takarda arba'in da ɗaya, na ƙirga sau biyu.

Yayarki mai alfahari da ke,
Rabi'a

Zango, Djougou
30 ga Oktoba, 2024

Yaya Rabi,

Amin wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Madam da alheri, ya sa a gama lafiya, ita da Fatchima. Ƙafa ta yi sauƙi, na buɗe rumfa yau. Gwangwani ya iso cif. Haƙurin da kika bayar na karɓa, zan kuma ajiye takardar a ciki don kada ki musa nan gaba.

Matan Zango sun kasu biyu, wasu na cewa na yi rashin ta ido, wasu na zuwa a ɓoye suna tambaya ta yadda ake gyara takardar gida. Uku na raka wurin delege tun ranar Litinin.

Maganarki ta ƙarshe ta hana ni sukuni tun da na karanta. Delege ya ji, liman ya ji, maza bakwai sun ji, har masu wucewa a titi. Mai sunan kaɗai ce ba ta ji ba. Wannan bai yi ba.

Jibi Juma'a hutu ne. Ki sa ta a motar Moutari ta farko. Zan aiki yaran gidan kakarsu, in rufe ƙofa, daga ni sai ita. Ki ce mata ta kasa kunne da kyau, don ban yi alkawarin sau biyu ba.

Ƙanwarki,
Kadidjatou